Makonnin da Inna Ta Yi a Gidana Tana Koyon Numfashi

Mahaifiyata ta yi fiye da shekara arba'in tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Farin Dutse, a ƙasar Gwaram. Mu 'ya'yanta Inna muke ce mata, ita kuma Auta take kirana, har yau da na tara nawa iyalin. Madafinta wani ɗan ɗaki ne a kusurwar gida, babu taga, sai ƙofa da wata 'yar kafa can saman bango. A ciki take suyar gyaɗa, a ciki take matsar mai, a ciki take toya ƙuli. Idan itace ya yi wuya sai ta haɗa da kara da totuwar masara da ɓawon gyaɗa. Muna yara in an aike mu ciki da hawaye muke fitowa, ita kuwa nan take wuni. Ba wanda ya taɓa ganin aibun haka, don kowace mace a unguwarmu haka take girkinta.

Tarin ya daɗe tare da ita har muka daina jinsa. Da safe ne ya fi tashi, ta yi ta yi har ta fitar da kaki, sannan ta kama aikinta. Ta sha zuma da citta da kanumfari, ta yi turaren tazargade, wani lokaci ya lafa, wani lokaci ya ƙi. Bayan na yi aure a Birnin Kudu na kama koyarwa a firamare, sai na riƙa lura duk zuwan da na yi gida akwai abin da ta rage. Da farko ta bar zuwa kasuwa. Daga baya ta bar zuwa suna da biki, har wasu suka fara cewa girman kai ne ya kama ta. In na tambaye ta sai ta ce, "Tsufa ne, Auta. Ke ma yana nan tafe."

Wata ranar Laraba yayana, wanda yake zaune da ita da iyalinsa, ya kira ni a waya. Bayan mun gaisa ya ce, "Kin san Inna ta koma salla a zaune? Yau kwana goma ke nan. Daga ɗakinta zuwa banɗaki sai ta tsaya ta dafa bango."

Ranar Asabar na hau mota na tafi. Na same ta a bakin ƙofar ɗaki a kan tabarma, kafaɗunta suna hawa suna sauka, tana magana guntu-guntu. Ta rame, ƙafafunta sun zama sirara. Ta yi mini faɗan kuɗin mota da na ɓata, amma da muka ce asibiti ba ta yi musu sosai ba. Daga nan na gane abin ya kai mata.

A asibiti a Birnin Kudu aka ɗauki hoton ƙirji, aka gwada kaki, aka ce ba tarin fuka ba ne. Aka ba ta wani bututu ta hura da iyakar ƙarfinta har sau uku. Likitan ya duba takardun, sai ya tambaye ta ko ta taɓa shan taba.

Inna ta juyo ta dube ni. "Me ya ce?"

"Cewa ya yi ko kin taɓa shan sigari."

"Ni?" ta ce. "Ɗan nan, ka dube ni da kyau."

Ya ba ta haƙuri, ya ce kowa yake tambaya. Da na gaya masa sana'arta da irin ɗakin da take yi a ciki, sai ya gyaɗa kai. Ya ce hayaƙin shekaru ne ya cinye hanyoyin iska na huhunta, kuma abin da ya lalace ba zai koma sabo ba. Amma ya ce ana zama da ciwon, ana kuma samun sauƙi mai yawa in an bi hanya. Ya rubuta magungunan shaƙa iri biyu, sannan ya tura mu sashen gashin ƙashi, ya ce za ta riƙa zuwa sau biyu a mako har wajen wata biyu.

Muna fita Inna ta ce, "Ni ƙashina lafiyarsa lau. Me za a gasa?"

Babbar rigimar ba wannan ba ce. Daga Farin Dutse ba za a iya jigilar ta sau biyu a mako ba, dole ta zauna a wurina. Ta ce ita ba za ta tare a gidan suruki ba, da ranta da hankalinta. Yayana ya yi lallashi, ni na yi kuka, har ta yarda, amma da sharaɗin ranar da aka gama ranar za ta tafi. Maigidana ɗan kasuwa ne, hatsi yake saye yana kaiwa Kano. Mutum ne mai ƙarancin magana. Ya zo ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta ja mayafi ta amsa tana kallon bango. Muka gyara mata ɗakin da ke can ƙarshen gida, nesa da murhu.

Wadda ta karɓe mu a sashen wata matashiya ce, daga jin harshenta Bakanuwa ce. Ta rusuna ta gaida Inna, ta maƙala mata wani ɗan abu a yatsa, sannan ta ce ta yi tafiya a barandar sashen, ta je ta dawo iyakar iyawarta. Inna ba ta kai ƙarshen barandar ba ta tsaya, ta kama ƙarfen taga, bakinta a buɗe tana haki. Matashiyar ta kawo kujera, ta jira har ta ɗan natsu, sannan ta ce, "Mama, yau numfashi za mu koya."

Inna ta harare ta. "'Yar nan, tun ba a haifi uwarki ba nake numfashi."

Matashiyar ta yi dariya ta ce, "Gaskiya ne, Mama. To ki gaya mini, in haki ya taso miki, me kike yi?"

"Me zan yi? Jan iska nake yi, ta ƙi shiga."

"Wurin shiga ne ba ta samu ba. Tsohuwar iskar ce ta maƙale a ciki ba ta fita ba. Randa in ta cika da ruwan jiya, ina za a zuba na yau?"

Na dubi Inna. Na ga maganar ta shige ta.

Matashiyar ta koya mata ta shaƙi iska ta hanci a hankali, baki a rufe, sannan ta tsuke leɓɓa ta fitar da ita sannu sannu, kamar mai hura koko mai zafi a ludayi, fitarwar ta ninka shaƙar tsawo. Ta ɗora hannun Inna ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki, ta ce na cikin ne ake so ya motsa, kafaɗu su kwanta. Ta ce a ƙirga, biyu a shaƙa, huɗu a fitar. Inna ta gwada sau da yawa ƙirgar tana rikice mata. Can sai ta daina motsa yatsu, numfashin ya daidaita. Da muka fito na tambaye ta yadda ta yi, ta ce tasbihi ta sa a zuci. "Subhanallah" in za ta shaƙa, "Subhanallahi wa bihamdihi" in za ta fitar. Da haka ta ci gaba har yau.

A zuwa na biyu aka nuna mata yadda za ta taso da kaki ba tare da ta wahalar da kanta da tari ba: ta ja numfashi mai zurfi, ta riƙe kaɗan, ta buɗe baki ta huce da ƙarfi kamar mai son goge madubi. Aka ba ta gorar ruwa da siririyar tiyo, ta riƙa hurawa ruwan yana ɓulɓuli. Aka gano ma maganin shaƙar ba daidai take shaƙarsa ba, rabinsa a harshe yake tsayawa, aka gyara mata. Sai motsa jiki: ta zauna a kujera ta miƙe, ta zauna ta miƙe, ta ɗaga gorunan ruwa biyu sama, sannan tafiya kullum safe da yamma. Wannan ne ya fi ba ta tsoro. Matashiyar ta ce mata, "Mama, hakin tafiya ba ya ƙara lalata huhu. Zaman ne yake cinye ƙafafu, in ƙafafu suka mutu kuma ɗan motsi kaɗan sai haki. In ya taso ki tsaya, ki hura kokonki, ki ci gaba."

A gida sai wata matsala ta fito da ban yi tunaninta ba. Da safe ne ya kamata ta fitar da kaki, da safe ne kuma maigidana yake gida. Inna ba za ta yi kakari surukinta yana ji ba. Ta riƙa danne tarin, na riƙa jin ta ta bango tana gyaran murya a hankali, sai ya fita sannan ta yi, lokacin ƙirjin ya riga ya cushe. Na yi mata magana ta ce in rufa mata asiri. Ban gaya masa ba, don ban san ta inda zan fara ba.

Bayan kwana huɗu ko biyar, sai na ga ya daina dawowa daga masallaci bayan sallar asuba. Sai rana ta fito sosai yake shigowa, ya yi sallama da ƙarfi tun daga zaure. Na tambaye shi, ya ce shayin mai shayin bakin titi ne ya yi masa daɗi kwanan nan. Shekarunmu da yawa tare, ban taɓa ganin ya sha shayi a waje ba. Ban ƙara tambaya ba. Haka kuma wata yamma na fito na ga bencin zaurenmu a gindin darbejiyar da ke tsakiyar lungu, daidai inda Inna take tsayawa ta dafa katanga in mun fita tafiya. Da ta fara wuce darbejiyar ba ta tsaya ba, sai bencin ya koma gaba, kusa da famfon unguwa. Inna ta gane. Ba ta taɓa cewa komai ba, sai wata rana da nake zuba masa abinci ta ce, "Ƙara masa nama."

Ni ce ban kyauta ba a makonnin farko. Na saba da aji, na ɗauki abin kamar darasi. Na zana jadawali na liƙa a ƙofarta, ina tsaye a kanta ina ƙirga mata tashi da zama, ina cewa saura uku, saura biyu. Wata safiya ta yi biyar ta zauna ta ƙi tashi. Na ce, "Inna, jiya fa takwas kika yi."

Ta ce, "Auta, ni ba 'yar ajinki ba ce. Jiya daban, yau daban. Jikin nawa ne, ni nake jin abin da yake gaya mini."

Na ji kunya. Da na ba matashiyar labari ta ce Inna ta fi ni gaskiya, akwai ranar da jiki yake bayarwa, akwai ranar da yake hanawa, abin da ake gudu kawai a daina gaba ɗaya. Na cire jadawalin. Na koma ina zama kusa da ita ina tsince shinkafa ko ina duba littattafan ɗalibai, ita tana abinta.

A mako na huɗu aka yi ruwa kwana biyu a jere, mura ta kama ta. Da la'asar ina wanke-wanke na ji faɗuwar kwano. Na same ta a tsakar gida a tsaye, idanunta sun firfito, tana jan iska da sauri da sauri, ba ta iya magana. Duk abin da aka koya mana ya fice daga kaina. Na fara neman mayafi da waya a lokaci ɗaya. Ita ce ta nuna mini turmi da hannu. Na kife shi a gabanta, ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta sunkuya ta ɗora hannuwanta a kansa kamar yadda aka nuna mata. Na kawo maganin shaƙa, ta shaƙa. Sai ta tsuke leɓɓa. Na farko bai yi tsawo ba, na biyu ma haka. Na durƙusa kusa da ita na riƙa yi tare da ita, ina hura iska tana ji. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. A hankali kafaɗunta suka sauka. Da ta samu magana, abin da ta fara cewa shi ne, "Kin bar ruwa yana zuba."

Washegari muka koma wurin likita, ya ƙara mata magani na kwanaki, ta huta mako guda. Amma daga ranar wani abu ya sauya. Da kanta ta gaya mini cewa a da in hakin ya taso gani take mutuwa ce ta zo, yanzu ta san yana da ƙarshe.

A sashen akwai wasu masu irin ciwonta da suke haɗuwa rana ɗaya. Cikinsu akwai wani dattijo mutumin Maruta, tsohon direban babbar mota, wanda bai ɓoye cewa shi taba ce ta kai shi ba. Matarsa ce take rako shi. Mai barkwanci ne, ko yana haki sai ya yi magana. In ana tashi da zama sai ya ce, "Mutuniyar Farin Dutse, yau nawa kika yi? Kada ki ba Gwaram kunya a gaban mutanen Birnin Kudu." Inna ta ce, "Ka ji da kanka, Malam." Hira ta yi hira, sai ga shi uwar matarsa ta daɗe tana sayen mai a hannun Inna a kasuwa. Daga nan suka zama kamar dangi.

Wata Talata muka zo ba su zo ba. Aka ce jikinsa ya tashi, an kwantar da shi a ɗakin maza. Da aka gama motsa jiki Inna ta gyara mayafi ta ce mu je mu duba shi. Ɗakin yana can ɗaya ƙarshen asibitin, tafiya ce mai nisa har da 'yar hawa. Na ce bari in nemo keken marasa lafiya.

Ta ce, "In je dubiya a keke? Wa zai duba wani?"

Muka kama hanya. Ta tsaya sau uku, kowane tsayi ta jingina da ginshiƙi ta yi hurinta, mutane suna wucewa ba ta damu da su ba. A wurin hawan ta riƙa shaƙa tana tsaye, ta taka tana fitarwa. Muka same shi da robar iska a hanci, ya faɗa sosai. Da ya gan ta ya ɗaga hannu, ya ce da ƙyar, "Da ƙafa?"

"Da ƙafa," in ji Inna.

Ya ce, "To, Gwaram ta fita kunya."

Ta zauna kusa da matarsa suka yi hira ƙasa ƙasa, ta yi masa addu'a, muka dawo, nan ma da ƙafa. An sallame shi bayan kwanaki, suka koma Maruta, amma bai sake dawowa sashen ba. Bayan kaka muka ji rasuwarsa. Inna ta sa yayana ya kai ta gaisuwa a kan babur.

Ranar ƙarshe aka sake sa ta tafiya a barandar nan. Ta je ta dawo, ta je ta dawo, har aka ce lokaci ya cika, sau ɗaya kawai ta tsaya. Matashiyar ta nuna mata abin da ta rubuta ranar farko da na yau. Inna ba ta karatun boko, amma ta karɓi takardar ta duba ta da kyau. Sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan zoben azurfa da ta daɗe da shi, ta ce ta ba ta. Matashiyar ta ƙi karɓa, ta ce addu'a ta ishe ta. Inna ta kama hannunta ta yi mata addu'a mai tsawo, har da ta miji nagari, sai da aka gaya mata tana da aure da 'ya'ya biyu.

Kamar yadda ta sha alwashi, a ranar ta koma Farin Dutse. Maigidana ya ɗauko motar abokinsa ya kai ta har ƙofar gida. Kafin ta dawo yayana ya rushe bango ɗaya na madafin ya mai da shi rumfa, iska tana ratsawa. Matarsa ce ta gaji sana'ar. Wannan ya yi wa Inna ciwo fiye da yadda ta nuna. Makonnin farko, in an hura wuta sai ta shige ɗaki ta ja labule. Daga baya ta samo wa kanta wuri a gindin bishiyar lemo, ta inda iska take tasowa, hayaƙi ba ya zuwa. Daga nan take aikin da baki. A kawo mata gyaɗa a faifai ta murza ta ce ba ta soyu ba, a kawo tunkuza ta taɓa ta ce a ƙara ruwan zafi.

Ciwon bai tafi ba. Tana tari da safe, akwai watannin da suke yi mata nauyi, sau biyu an kwantar da ita tun daga lokacin. Maganin shaƙarta yana ɗaure a bakin zane duk inda ta shiga. Amma sallar farilla a tsaye take fara ta, in ta gaji ta ƙarasa a zaune. Tana zuwa suna a cikin unguwa, tana fita tun kafin sauran mata su shirya don ta tafi a hankali.

A bazarar da ta wuce, ina dawowa daga makaranta na tarar da baƙuwa a tsakar gidana, wata mata mai ƙosai da ke bayan gidanmu a Farin Dutse. Tun ina yarinya na san ta. Tana zaune a tabarma da ƙullin kayanta, ga kwalbar man gyaɗa a gefe. Muka gaisa, na tambayi mutanen gida, ta ce duk lafiya. Sai tari ya sarƙe ta, ta daɗe kafin ta dawo daidai.

Ta ce, "Innarku ce ta turo ni. Ta ce in kawo miki man nan, ki kai ni wurin 'yar nan mai koya numfashi. Ta ce kada in yarda a ce mini tsufa ne."

Na kawo mata ruwa, na share ɗakin ƙarshen gida. Washegari na nemi izini a makaranta, muka tafi asibiti da wuri don mu samu kati kafin layi ya yi tsawo.